Da Wane Mudu Za A Auna Ƙungiyar Gama Kai?

Kowa ya sani hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tun kafin zuwan Turawa manomanmu suna gayya, mata kuma suna adashi. Amma gama kai irin na rajista da littafi ya samo asali ne daga rahoton da wani Bature, Mista Strickland, ya rubuta a 1934, wanda ya sa aka kafa dokar ƙungiyoyin gama kai a 1935. Manoman koko na ƙasar Yarbawa su ne suka fara cin moriyarta sosai, daga baya abin ya bazu zuwa ga masu gyaɗa da auduga a Arewa.

Tun daga nan gwamnatoci ba su fasa zuba kuɗi ba. Bankin Manoma ya fara aiki a Kaduna a 1973. Janar Obasanjo ya kawo shirin ciyar da ƙasa a 1976, Alhaji Shehu Shagari ya kawo nasa na bunƙasa noma a 1980. A 2015 kuma Shugaba Buhari ya buɗe shirin rancen manoman shinkafa a Birnin Kebbi. Duk sa'ad da aka buga irin wannan ganga sai ƙungiyoyi su tsiro kamar ciyawar damina. Da kuɗi sun ƙare, sai a nemi yawancinsu a rasa, sai dai allon suna a bakin hanya.

To, ina laifin yake? Wani ɓangarensa yana wurin awo. An saba auna ƙungiya da yawan sunayen da ke cikin rajistarta, da yawan rancen da ta karɓo, da buhunan takin da ta raba. Alhali kuwa waɗannan duka lissafin abin da ya shigo ne, ba su nuna ko ƙungiyar za ta kai baɗi ba. Mudun gaskiya guda uku ne.

Na farko shi ne littafin kuɗi. A cikin kowace Naira 100 da aka ranta da bazara, nawa ta dawo da kaka? Nawa ne 'yan ƙungiya suka tara daga aljihunsu, nawa ne kuma na waje? Wannan ba ƙaramar tambaya ba ce. Da Gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, ƙungiyoyin da aikinsu kawai shi ne saya wa hukuma kaya sun shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, domin sun jingina da bangon da ba nasu ba.

Na biyu shi ne ƙasar noma kanta. Misali, in eka ta ba da buhu 10 na masara da buhu 2 na takin zamani, bayan shekara 5 kuma sai an zuba mata buhu 4 kafin ta ba da goman, to, ƙungiyar nan jarinta take ci ko da littafinta ya nuna riba. Ya kamata magatakarda ya riƙa rubuta amfanin kowace gona shekara-shekara, da gonakin da ƙuduji ya mamaye, domin ya fi son ƙasar da ta gaji. A rubuta masu kai takin gida, da masu juya hatsi da wake ko gyaɗa, da masu barin gawo a gona. Masu noman rani kuwa su riƙa auna zurfin ruwan rijiyoyinsu kowace bazara. Manoman da suka ga farin 1973 da cutar da ta halaka gyaɗa a 1975 sun san haɗarin dogara ga shuka iri ɗaya.

Na uku shi ne jama'a. Tun 1844, lokacin da masaƙan Rochdale ta ƙasar Ingila suka kafa tasu, ƙa'idar gama kai ita ce mutum ɗaya, ƙuri'a ɗaya. Yaushe aka yi babban taro na ƙarshe? Mutum nawa suka zo? An karanta lissafi a bainar jama'a, mai binciken kuɗi ya sa hannu? Akwai mata da samari, ko kuwa shugaba ne da surukansa? Ƙungiyar da samari ba su shiga, ranar da dattawanta suka kwanta dama ita ma ta bi su.

Wannan awo ba ya bukatar ƙwararre daga Ikko ko Abuja. Littafi ɗaya ne, da alƙalami, da magatakarda mai tsoron Allah. Saboda haka, ya kai manomi, kafin ka ba da kuɗin shiga, ka ce a nuna maka littafin bara. In an yi ta yi maka hanya-hanya, riƙe kuɗinka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.