Yadda Ake Bambanta Kwalara da Sauran Gudawa

'Yan'uwa, tun da hukumomin lafiya na Sudan suka sanar da ɓarkewar kwalara a watan Agusta 2024, cutar ta ratsa jihohi da dama, har da tamu ta Sinnar. Mu da ke bakin kogin Nilul Azraƙ, daga Mai Wurno zuwa Sinja har Abu Na'ama, da yawanmu ruwan kogi muke sha. Ɗalibai sukan tambaye mu: yaya ɗan tsinken da ma'aikacin lafiya ke tsomawa a bayan gidan majinyaci yake gane cuta?

Mu fara da ita cutar. Ƙwayar kwalara tana zama a hanji, ta fitar da dafi. Wani likita ɗan Indiya, Sambhu Nath De, shi ya tabbatar da wannan dafi a Kalkata a 1959. Dafin yana da hannaye biyar da ke kama bangon hanji, da wani sashe guda da ke shiga ciki ya sa hanjin ya riƙa zubar da ruwa da gishiri. Shi ya sa gudawar take fita kamar ruwan wankin shinkafa, babban mutum yana iya rasa lita guda cikin awa ɗaya.

To, jikin ɗan Adam da na dabba, idan baƙon abu ya shige shi, yakan ƙera sinadaran garkuwa, waɗanda ake kira al-ajsamul mudadda da Larabci. Kowanne yana da abin da yake kamawa shi kaɗai, kamar makulli da kwaɗonsa. A 1975 masana biyu a Kambirij ta Ingila, Köhler da Milstein, suka gano hanyar samar da sinadarin garkuwa iri ɗaya tak mai yawa a ɗakin gwaji.

Irin wannan sinadari ake shafawa a jikin tsinken. Ƙwayar kwalara ta kasu fiye da iri 200, amma biyu ne ke haddasa annoba, O1 da O139. Idan akwai wadda tsinken ke nema a bayan gidan, sinadarin zai kama fatarta, sai layi mai launi ya bayyana cikin kamar minti 15.

Sai dai a lura, tsinken fatar ƙwayar yake gani, ba ya ganin dafin, kuma yakan yi kuskure. Tabbaci sai an kai samfur babban ɗakin gwaji, a raini ƙwayar, a duba ko mai dafi ce. Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce a haɗa ta da sinadarin garkuwa da aka samo daga jinin zomo wanda aka yi wa allurar dafin. In dafin yana nan, sai su cure wuri guda. Mun san kuma a watan Afrilu 2023 mayaƙa sun mamaye babban ɗakin gwajin ƙasa da ke Khartum, abin da ya ƙara wa ɗan tsinken nan muhimmanci a ƙauyuka irin namu.

Saboda haka muna jan hankali kan abu biyu. Na farko, kada kunya ta hana mu ba da bayan gida idan an nema. Sakamakon majinyata kaɗan shi ke sa a sanar da hukuma, a kawo magungunan tsabtace ruwa da rigakafi ga gari baki ɗaya. Na biyu, kada a jira sakamako kafin a fara ba majinyaci ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana sha ana hanyar asibiti. Kwalara mai tsanani in an bar ta tana iya kashe rabin waɗanda ta kama, amma da kulawa kan lokaci ko ɗaya cikin ɗari ba ya mutuwa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kawo mana ƙarshen wannan annoba.