Kafin A Ba Kura Ajiyar Nama

A watan Agustan 2002, a garin Soham na ƙasar Ingila, wani mai kula da gine-ginen makaranta, Ian Huntley, ya kashe yara mata biyu 'yan shekara goma-goma. Bayan an yanke masa hukunci ne ta bayyana cewa tun kafin a ɗauke shi aiki an sha kai ƙararsa wurin 'yan sandan yankin Humberside bisa zargin fyaɗe da lalata da ƙananan yara. Babu zargin da ya kai ga hukunci, 'yan sanda kuma ba su adana bayanan yadda ya kamata ba. Saboda haka tantancewar da aka yi masa ba ta tono komai ba.

Rahoton kwamitin Sir Michael Bichard na 2004 shi ne ya haifi dokar kare masu rauni ta 2006. A 2012 kuma aka kafa hukumar DBS, wadda a yau take tantance masu neman aiki a makarantu, asibitoci da gidajen kula da tsofaffi a Ingila da Wales. Hukumar tana riƙe da kundi biyu: na waɗanda aka haramta wa aiki da yara, da na waɗanda aka haramta wa kula da manya masu rauni. Laifi ne wanda sunansa ke ciki ya nemi irin wannan aiki, laifi ne kuma a ɗauke shi da sani.

A ganina, ginshiƙin tsarin shi ne wajibcin kai rahoto. Duk ma'aikatar da ta sallami mutum saboda ya cutar da wanda aka ba shi amana, dole ta sanar da hukumar, ko da ya riga ta ya ajiye aikin.

A nan ne muke da aiki ja. Tun Nuwamban 2019 hukumar NAPTIP ta ƙaddamar da kundin masu laifin lalata na ƙasa, amma kundi ba ya ɗauke da abin da ba a rubuta ba. A wurinmu, malamin da aka kama yana taɓa ɗaliba akan sallame shi a asirce, dattawa su ce a bar kaza cikin gashinta. Bayan wata guda sai ka same shi a wata makarantar, takardarsa ta shaidar hali daga 'yan sanda fes.

Don haka ina kira ga majalisun jihohinmu da su wajabta wa makarantun boko da na Islamiyya, gidajen marayu da asibitoci abu biyu: duba kundi kafin ɗaukar ma'aikaci, da kai rahoton wanda aka kora saboda cin amana. A kuma ba wanda ake zargi damar kare kansa, domin ƙazafi ma zalunci ne. Rufin asirin da ke miƙa yaron wani ga azzalumi ba ya cikin kunyar da aka san mu da ita.