Ita Yarinya, Shi Yaro, Ga Kuma Goyo

Wanda ya bi hanya daga Sakkwato zuwa Wurno da Goronyo da rani zai ce ƙasar nan ba ta san yunwa ba. Ga shinkafa kore shar a fadamar Wurno, ga albasa ana loda wa motoci, ga madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima, wadda aka gama ginawa a 1984. Duk da haka, a 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce cikin mutum 100 na Jihar Sakkwato wajen 90 matalauta ne, in an duba abinci, makaranta, ruwan sha da magani. Ba jihar da ta kai ta.

Wannan talauci ya fi danne masu sabon aure. Kwanan baya na zauna a tashar mota kusa da wani saurayi daga wani ƙauyen Rabah, bai fi shekara 20 ba. Matarsa na asibiti a birni. Na ce, "Samari, me ya hana a kawo ta da wuri?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, kwana biyu tana naƙuda. Baba ya ce a jira, kuma akuyar da za a sayar ba tawa ba ce."

Mai karatu, dubi maganar nan da kyau. Yaron nan yana son matarsa, amma ba shi da gona tasa, ba shi da kuɗin mota, ba shi da ta cewa a gidan ubansa. Ita kuwa cikin fari ne, kunya ta hana ta faɗa wa kowa ciwo ya fara. Yarinyar da ta tashi ba ta ƙoshi ba, ƙugunta bai gama buɗewa ba. In kan jariri ya tokare, sai ya danne mafitsara har naman wurin ya mutu. Sau da yawa jaririn ba ya rai, uwar kuma ta tashi da yoyon fitsari. Ana ɗinke wannan ciwo a Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha a Sakkwato, amma kafin ta kai can, wata an riga an sake ta.

'Yar ma'aikaci a birni ita ma takan sha doguwar naƙuda. Bambancin shi ne ta je awo, ta sha maganin ƙarin jini, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo na kusa da ita. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma haihuwa 16 kawai cikin 100 ake yi a asibiti, kuma yara 187 cikin 1,000 ba su kai shekara biyar. A Kudu maso Yamma yara 62 ne. Ƙasa ɗaya fa!

Sai ga 'yan bindiga sun ƙara wa hanya tsawo. A 2018 sun far wa Tabanni a ƙasar Rabah, mutane suka gudu zuwa Gandi. A Oktoba 2021 sun buɗe wuta a kasuwar Goronyo. Inda ake irin wannan, wane direba zai ɗauki mai naƙuda da tsakar dare, kuma a kan nawa?

Akwai abin da aka gwada ya yi amfani. A 2013 jihar ta soma raba wa masu haihuwa a gida ƙwayar misoprostol mai tsayar da zubar jini, da man chlorhexidine na shafa wa cibiyar jariri, ta hannun matan unguwa. Magani ne mai araha, kuma shi ya je gidan talaka. Sai dai ba ya fitar da jaririn da ya tokare; wannan aikin tiyata ne.

A ganina, an cika yi wa matasan nan faɗa, alhali shawara tana hannun surukai. Uwar miji ce za ta ce a tafi awo, uban miji ne zai ware kuɗin mota tun ciki na wata bakwai, a kuma shirya da mai motar tun kafin ranar. Saurayin nan da na tambaye shi ko haihuwa ta gaba za a yi haka, sai ya ce zai fara tafiya ci-rani ya biya bashin wannan tukuna.