Kiran Gudummawa A Tsakiyar Teku

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin tudu da teku. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wannan bayani ne a kan wata dabara ta wayar iska wadda ma'abota jiragen ruwa ke kiran junansu da ita, ko don neman gudummawa ran da masifa ta auku, ko don jiragen da ke tafiya tare su riƙa jin labarin juna. Kada wani ya ce mutumin tudu ba ruwansa da zancen teku. Haja mai yawa da ke cikin kantunan Kano da Maraɗi ta ruwa ta zo, aka sauke ta a Ikko ko Kwatano ko Tema. Alhazan da suka yi tafiyar ƙasa kuwa ba su mance da ƙetarar Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda ba. Matafiyin tudu in ɓarna ta same shi ya yi kururuwa, mutanen ƙauye su ji su fito. Wanda ke tsakiyar ruwa fa, wa zai ji shi?

A daren 14 ga Afrilu 1912, watau shekara ta 1330 ta Hijira, wani ƙasaitaccen jirgin Ingila mai suna Titanic ya yi karo da dutsen ƙanƙara cikin Tekun Atalantika, ƙarfe sha biyun dare saura minti ashirin. Masu buga wayarsa suka dinga kiran taimako ba fasawa. Akwai wani jirgi, Californian, yana tsaye kusa, tsakaninsu bai kai mil 20 ba. Amma mai wayarsa mutum ɗaya ne tak, ya yini yana aiki, ya rufe akwati ya kwanta jim kaɗan kafin abin ya faru. Wanda ya ji kiran shi ne mai wayar Carpathia, shi ma yana shirin kwanciya ke nan, jirginsa kuwa yana da nisan mil 58. Suka juyo suka taho iyakar gudunsu, ba su iso ba sai wajen ƙarfe huɗu na asuba, alhali Titanic ya nutse tun ƙarfe biyu da minti ashirin. Aka tsamo mutum ɗari bakwai da 'yan kai, fiye da 1,500 suka halaka. Kira ya fita, amma kunnen da ya fi kusa yana barci.

Saboda wannan hasara sai ƙasashe suka taru a Landan, suka sa hannu cikin 1914 a kan wata yarjejeniya ta tsare rayuka a teku, aka kuma yi ta sabunta ta har zuwa ta 1974 wadda ake aiki da ita yanzu. Aka wajabta wa manyan jirage su riƙa sauraro dare da rana. Har agogon ɗakin waya aka yi wa jan zane, don kowa ya yi tsit na minti uku sau biyu cikin kowace sa'a, ko akwai mai raunin murya da ke kira daga nesa. Duk da haka ɗan Adam ajizi ne. Gyangyaɗi ya kan ɗauke shi, hadari ya kan cika akwati da ƙara, mai kira kuma in ya firgita ya kan kasa faɗin inda ya ke, ko ya faɗa da harshen da mai sauraro ba ya ji.

Daga nan hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sufurin teku ta tsai da sabon tsari cikin 1988. Aka fara aiki da shi a 1992, ya zama tilas ran 1 ga Fabrairu 1999 a kan jiragen fasinja da jiragen kaya masu tan 300 ko fiye, matuƙar suna ƙetarawa ƙasa zuwa ƙasa. Ɗaya daga cikin ginshiƙansa shi ne kiran lamba, wanda Turawa ke taƙaita sunansa da harufa uku, DSC. Ma'anarsa ita ce a ɗora wa akwati aikin gadi, gama akwati ba ya barci. Yanzu har ƙananan jiragen masunta da na masu shan iska suna da irinsa, har da wanda a ke riƙewa a hannu.

Ga yadda abin ya ke. Kowane jirgi a kan ba shi lamba tara a jere, ita ce sunan yankansa a teku. Uku na farko su ke nuna ƙasarsa, kamar yadda zane ke nuna asalin mutum: 657 Nijeriya ke nan, 627 Gana, 622 Masar, 403 Saudiyya. Hukumar da ta ba da lambar tana ajiye sunan jirgin, da kamanninsa, da wanda za a nema a gida. An kuma keɓe layi guda, na 70, ba a magana da baki a kansa sam, sai dai akwati ya aika wa akwati. A jikin akwatin akwai wani ɗan jan maɓalli, an yi masa murfi don kada hannu ya taɓa shi da kuskure. In halaka ta tunkaro, sai a ɗaga murfin, a danne shi kamar sakan uku zuwa biyar. Kafin ƙiftawa da bismilla saƙo ya fita, ɗauke da lambar jirgin, da inda ya ke, da lokacin da ya ke a wurin. In da sarari, mai kira ya kan zaɓi irin masifar tukuna: gobara, ko shigar ruwa, ko karo, ko kafewa, ko faɗawar mutum a ruwa, ko harin 'yan fashi. Wannan na ƙarshe ba wasa ba ne, gama cikin 2020 kaɗai an sace ma'aikatan jirgi 130 a ruwayen Afirka ta Yamma.

Duk akwatin da ke kunne cikin wannan yanki sai ya ɗauki ƙara mai ta da mai barci, ya rubuta bayanin a fuskarsa, ya nufi layi na 16, inda a ke maganar ceto da baki. In ba a amsa ba, akwatin mai kira ya kan maimaita da kansa bayan kamar minti huɗu huɗu, ko da mutanensa sun shagala da kashe wuta. Ƙa'ida ita ce tashar gaɓa ce ke amsawa ta lamba, domin amsar ita ke tsai da maimaitawa. Jirgin da ke kusa kuwa ya saurara, ya amsa da baki a layi na 16, kana ya kai gudummawa in yana iyawa.

Amfanin abin bai tsaya ga ranar masifa ba. Fatake sun san yadda ayarin Gwanja ya ke tafiya a da: jagaba yana gaba, madugu yana lura da na baya, kowa ya san zangon da za a sauka, in jakin wani ya faɗi labari ya kai ga kowa. To, haka jirage ke ƙulla nasu ayari. Akwai lamba ta jama'a, wadda a ke gane ta da sifiri guda a farkonta, kamar yadda a ke gane ta tashar gaɓa da sifiri biyu. Jirage goma ko ashirin su shigar da ita cikin akwatunansu. In shugabansu yana da magana, sai ya zaɓi layin da za a yi ta, ya kira lambar nan sau ɗaya, akwatunansu duka su yi ƙara tare, na baƙo kuwa ya yi shiru. Da haka masunta kan gaya wa juna hadari ya haɗo, ko injin wane ya mutu, ko lokacin komawa gida ya yi. Ana kuma iya kiran jirgi ɗaya shi kaɗai, ko a tambayi akwatinsa inda ya ke ya ba da amsa a rubuce. Ribar wannan ita ce layi na 16 ya kan zauna fayau, hira ba ta danne muryar mai neman ceto ba. Sai dai ɗan kasuwa ya lura: kiran ne na keɓe, maganar da za ta biyo baya kowa ya murɗa zuwa layin nan zai ji ta. Ba wurin faɗin asirin ciniki ba ne.

Amma fa abin yana da sharuɗɗa, kuma nan ne mutane ke sakaci. Na farko, a karɓi lamba, a yi mata rajista, a shigar da ita. In an sayar da jirgi a gyara rajistar. Na biyu, a haɗa akwatin da na'urar GPS, wadda ke sanin wuri ta hanyar tauraron ɗan Adam. In babu ita, a riƙa shigar da wurin da hannu kowace sa'a huɗu. Cikin 2011 masu tsaron gaɓar Amurka suka yi gargaɗi, suka ce cikin irin kiran nan da ke iske su, wajen tara cikin goma ba su ɗauke da wuri, wajen shida cikin goma kuma ba su da lamba mai rajista. Wannan daidai ya ke da mutum ya yi ihu cikin duhu, a ce wane ne, ina ka ke, ya yi gum. Na uku, wanda ya danna da kuskure kada kunya ta sa ya kashe akwati ya yi shiru. Ya soke kiran, ya shiga layi na 16 ya faɗi sunansa da lambarsa, ya ce kuskure ne, don kada a fitar da bayin Allah cikin igiyar ruwa a banza. Na huɗu, a san iyakarsa: ƙaramar wayar nan tana kai mil 20 zuwa 30 in tashar gaɓa tana da dogon ƙarfe, ta hannu kuwa 'yan miloli kaɗan. Masu nisan tafiya sai su haɗa da manyan akwatuna da na tauraron ɗan Adam.

Akwai kuma sharaɗin da ya fi waɗannan nauyi, shi ne a sami mai tashi in an yi kira. Ran 2 ga Fabrairu 2006, shekara bakwai da kafuwar wannan tsari, wani jirgin fasinja mai suna Al-Salam Boccaccio 98 ya taso daga Duba ta Saudiyya za shi Safaga ta Masar, da mutum wajen 1,400, har da masu komowa daga Hajji. Gobara ta kama, ya kife cikin Bahar Maliya da dare. Alamar da wata na'urarsa mai kira da kanta ta aika, a can Sikotilan aka tsinkaye ta aka miƙa labari, amma masu ceto ba su iso ba sai bayan sa'o'i masu yawa. Fiye da mutum dubu suka rasu. Taimakon da ya makara ihu ne bayan hari. Don gudun irin wannan a ke kafa cibiyoyin ceto masu gadi dare da rana, kamar wadda aka buɗe a Ikko cikin 2008 domin Nijeriya da maƙwabtanta.

Malamai sun daɗe suna karantarwa cewa tawakkali ba ya hana riƙon sababi, kuma ran fasinja amana ne a wuyan mai jirgi. Saboda haka attajirin da ke da hannu cikin jirgi, ko mai ɗora kaya, ko mai shirin ƙetara teku da iyalinsa, ba laifi ba ne ya tambayi matuƙi abu uku: akwai akwatin, an shigar da lambarsa, ya kuwa san inda ya ke? In an kasa amsa ɗaya daga ciki, a gyara tun jirgi yana ɗaure, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya kiyaye matafiya na tudu da na ruwa, Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, amin. Tamat, wassalam.