ME YA SA MURYAR GOGE TA BAMBANTA DA TA GARAYA?

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Dambatta, Bichi ko Minjibir ba sai ya ga makaɗi ba. Daga nesa zai ce wannan goge ne, wancan kuma garaya ce. To, yaya kunne ke rarrabe su, alhali duka tsirkiya ce aka ɗaure a jikin sanda?

Sauti dai karkarwa ce. Idan aka taɓa tsirkiya sai ta yi ta karkarwa, ta kaɗa iska, iska ta kai ga kunne. Kunnen yaro mai lafiya yana jin karkarwa daga sau 20 zuwa sau 20,000 cikin daƙiƙa ɗaya. In ta yi sauri murya ta yi siriri, in ta yi nawa murya ta yi kauri.

Abu uku ke sa wannan: tsawon tsirkiya, kaurinta, da yadda aka ɗame ta. Makaɗi in ya danne tsakiyar tsirkiya da yatsa, saurin karkarwar sai ya ninka biyu. Shi ya sa yatsunsa ba sa hutawa.

Amma tsirkiya ita kaɗai ba ta da ƙara. Ɗan icen da ta hau kansa shi ke miƙa karkarwar ga fata, fata da ƙwarya su fito da amo. Haka kuma tsirkiya takan yi karkarwa iri-iri a lokaci guda: dukkanta, da rabi-rabi, da kashi uku-uku. Jikin abin kiɗan sai ya ƙarfafa wasu, ya danne wasu. Nan ne kowanne ke samun tasa murya. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zagaya duniya.

Akwai kuma yadda ake taɓawa. Garaya fizga ake yi, sautin ya fito da ƙarfi ya mutu nan da nan. Goge kuwa da baka mai gashin doki ake goga shi, bayan an shafa ƙaro. Gashin ya kama tsirkiya ya saki, ya kama ya saki, sau ɗaruruwa a daƙiƙa. Don haka sautinsa ke jan dogon zango kamar muryar mutum. Wani masani Bajamushe, Helmholtz, ya bayyana wannan a littafinsa na 1863.

A 1983 wasu masana biyu a Amurka, Karplus da Strong, suka nuna yadda kwamfuta za ta lissafa karkarwar tsirkiya ta fito da sauti ba tare da tsirkiya ba. A 1994 kamfanin Yamaha na Japan ya sa irin wannan kayan kiɗa a kasuwa.

Sai dai kwamfuta abin da aka auna aka ba ta shi take lissafawa. Mai haɗa goge shi ya san ƙwaryar da za ta yi amo, da yadda hunturu ke ɗame fata, damina ta sake ta. In ya mutu bai koyar ba, babu abin da za a auna. Saboda haka ɗaliban yaƙi da jahilci da ke da irin waɗannan dattawa a unguwa, ya kamata su zauna da su, su rubuta abin da suka sani tun suna raye.