Rocky Marciano: Da Wane Ma'auni Za A Auna Ƙaramin Zakara A Zamanin Ƙarti?

A daren 23 ga Satumba, 1952, a birnin Philadelphia na Amurka, Jersey Joe Walcott ya kai Rocky Marciano ƙasa tun a turmin farko. Har aka kammala turmi na 12, Walcott ne ke gaba a makin alƙalai. A turmi na 13 Marciano ya sakar masa dama guda a muƙamuƙi, Walcott ya sulale a jikin igiya, bai tashi ba har alƙalin wasa ya gama ƙirga. Da wannan naushi kambun duniya na ajin masu nauyi ya koma hannun mutumin da bai kai kilo 86 ba.

Marciano ya yi ritaya a 1956 bayan karawa 49 ba tare da an doke shi ko an yi canjaras ba, 43 daga ciki da bugun kwaf ɗaya. Duk da haka, har yau masana damben zamani ba su daina gardama a kan matsayinsa ba, kuma tushen gardamar ita ce ƙirar jikinsa. Tsawonsa bai kai mita 1.80 ba, hannuwansa kuma suna cikin mafiya gajarta a tarihin zakarun ajin. Da yau yake dambe, sikeli zai ajiye shi a ajin da ke ƙasa da na masu nauyi, wanda aka ƙirƙira a 1979, kuma iyakarsa yanzu kusan kilo 91 ce. Anthony Joshua, wanda ke da tushe a Sagamu, yana da tsawon mita 1.98, Tyson Fury kuwa mita 2.06.

Masu rage masa daraja suna da hujja mai ƙarfi. Joe Louis yana da shekara 37 lokacin da Marciano ya doke shi a 1951, Walcott yana da 38, Archie Moore kuma yana wajen 40 a 1955. Moore da Ezzard Charles asalinsu 'yan ajin da bai kai na masu nauyi ba ne. Wato manyan sunayen da ya kayar ko dai ƙarfinsu ya fara ja baya, ko kuma ba su fi shi girman jiki sosai ba.

Sai dai wannan hujja ba ta taɓa batun juriya ba. A karawarsa ta biyu da Charles, cikin Satumbar 1954, hancin Marciano ya tsage har ana shirin tsayar da wasan, wanda hakan zai raba shi da kambunsa. Maimakon ya ja baya, sai ya ƙara matsa lamba, ya gama da Charles a turmi na 8. Moore ma ya kai shi ƙasa a turmi na 2, ya miƙe ya yi nasara a na 9. Kuma a lokacin turmi 15 ake yi a karawar kambu, ba 12 na yanzu ba.

Ta fuskar gwaninta, an daɗe ana yi masa kallon mai ƙarfi kawai. Amma mai horar da shi, Charley Goldman, ya mayar da gajartarsa makami: ya koya masa duƙawa ƙasa sosai domin naushin dogon abokin karawa ya riƙa wucewa ta samansa, sannan ya kutsa kusa, inda dogon hannu ba shi da amfani. Yakan yi ta dukan damatsa da haƙarƙari har hannuwan abokin karawa su gaji su sauka, kai ya buɗe. Salon ba shi da kyan gani, amma akwai lissafi a cikinsa.

Tarihi ya nuna ƙarami na iya kayar da ƙato. A 1919 Jack Dempsey, mai nauyi irin na Marciano, ya ragargaji Jess Willard da ya fi shi da sama da kilo 25. A 2024 Oleksandr Usyk na Yukren ya doke Fury sau biyu a Riyad, bayan ya riga ya doke Joshua sau biyu. Amma Usyk yana da tsawon mita 1.91 da nauyin da ya haura kilo 100, kuma makaminsa saurin ƙafa ne, abin da Marciano bai shahara da shi ba.

Saboda haka tambayoyi biyu ne ake cakuɗawa. Idan ana nufin a ɗauko Marciano na 1952 yadda yake a haɗa shi da ƙartin yau, adalci shi ne a yarda cewa ratar kilo 25 zuwa 35 da ta tsawon hannu za su yi masa yawa. Idan kuwa ana tambayar abin da ya yi da jikin da Allah ya ba shi, a gaban mutanen da zamaninsa ya kawo masa, amsar tana cikin kundin tarihi: ya kare kambunsa sau shida, an kai shi ƙasa sau biyu kacal, kuma a duka biyun shi aka ɗaga wa hannu a ƙarshe.