Gyaran Kurakurai da Ranar Fitowa: Yadda Masu Buɗaɗɗiyar Manhaja Ke Raba Gardama

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa motar haya a tasha ba ta tashi sai ta cika, ko da kuwa fasinjan farko zai wuni a zaune. Jirgin ƙasa kuwa, bisa ƙa'ida, agogo ne ke tayar da shi, wanda ya makara sai ya jira na gaba. Waɗannan hanyoyi biyu su ne tushen wata gardama da ta daɗe tsakanin masu rubuta manhaja, wato jerin umarnin da ke sarrafa na'ura mai ƙwaƙwalwa. Shin a jira har sai an gyara kurakuran da aka sani kafin a fitar da manhaja ga jama'a, ko kuwa a tsayar da rana a fitar da abin da ya samu? Wannan maƙala za ta duba yadda manyan ayyuka uku, wato Linux da Debian da Ubuntu, suka fuskanci matsalar.

Buɗaɗɗiyar Manhaja da Ƙwarinta

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka bar rubutunta na asali a fili, kowa yana da izinin karantawa da gyarawa da rarrabawa. Masu aikinta suna warwatse a ƙasashe daban-daban, wasu 'yan sa kai ne, wasu kuma kamfanoni ne ke biyan su. Fitacciya daga cikin irin wannan manhaja ita ce Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a shekarar 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan. Duk mai riƙe da wayar Android yana amfani da ita, domin ita ce zuciyar tsarin da ke tafiyar da wayar.

Kuskuren da ke cikin manhaja masana kan kira shi ƙwaro. Sunan ya daɗe a bakin injiniyoyi, amma ya ƙara shahara a shekarar 1947, lokacin da aka tarar da wani ƙwaron dare ya maƙale a cikin wata na'ura ta Jami'ar Harvard da ke Amurka. Ƙwaron manhaja kuwa daga hannun ɗan Adam yake fitowa: mantuwa, ko kuskuren lissafi, ko wani yanayi da marubucin bai hango ba. Rubutun Linux ya haura layi miliyan 30, kuma babu wanda zai iya gwada dukkan yanayin da irin wannan rubutu zai iya shiga. Bugu da ƙari, gyara shi ma sabon rubutu ne, yana iya zuwa da nasa ƙwaron, a wayi gari garin neman gira an rasa ido. Saboda haka duk wanda ya ce sai ƙwari sun ƙare zai fitar da manhaja, to har abada ba zai fitar ba.

Illar Dogon Jira

A shekarun farko, Linux tana da reshe biyu. Reshe mai lambar cika, kamar 2.4, shi ne na amfanin jama'a, mai lambar mara kuwa, kamar 2.5, shi ne na gwaje-gwaje. An fitar da 2.4 a watan Janairu na 2001, amma 2.6 ba ta fito ba sai watan Disamba na 2003, wato kusan shekara uku. A tsawon wannan lokaci sababbin na'urori suna ta fitowa kasuwa, kamfanonin da ke rarraba Linux suka riƙa tsinto sababbin abubuwa daga reshen gwaji suna cusa su cikin tsohon reshe, kowa da irin tasa. Aikin ya ninku, kuma abin da ke hannun jama'a ya sha bamban da abin da magina ke aiki a kai.

Haka ta faru da Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993. Debian tarin dubban manhajoji ne da aka harhaɗa domin su zama cikakken tsarin kwamfuta, kuma al'adarta ita ce ba a fitarwa sai an shirya. Fitowa ta 3.0 ta zo a watan Yuli na 2002, wadda ta biyo ta, wato 3.1, sai watan Yuni na 2005.

Dogon jira yana da wata ɓoyayyar illa. Idan marubuci ya san cewa in aikinsa ya rasa wannan fitowa sai bayan shekara uku, to zai yi duk ƙoƙarin tura shi ciki ko da bai nuna ba. Wannan ɗanyen aiki yana kawo sababbin ƙwari, gyaransu yana ƙara jinkiri, jinkirin kuma yana ba wasu damar turo nasu ɗanyen aikin. Da haka jiran da aka yi domin inganci ya koma yana rage ingancin.

Illar Gaggawa

Ɗaya ɓangaren ma yana da nasa hatsari. A watan Janairu na 2008, masu aikin KDE, wata manhaja da ke tsara fuskar kwamfuta, suka fitar da fitowa ta 4.0 alhali abubuwa da yawa ba su kammala ba. Nufinsu shi ne masu rubuta manhaja su fara gini a kanta, amma jama'a da suka ga sabuwar lamba sai suka ɗauka kayan amfanin yau da kullum ne. Da yawa suka sha wahala, wasu suka yi ƙaura zuwa wasu manhajoji, kuma sai bayan fitowa da dama aka fara dawo da amanar da aka rasa. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Dabarar Linux: Buɗe Ƙofa da Rufe Ta

Daga shekarar 2005, Linux ta zauna a kan wani tsari da har yanzu ake bi. Da zarar an yi sabuwar fitowa, sai a buɗe ƙofa na mako biyu, a karɓi sababbin abubuwan da aka riga aka shirya aka kuma gwada. Bayan mako biyun sai a rufe ƙofa, ba a karɓar komai sai gyara. Kowane mako Torvalds yana fitar da samfurin gwaji, jama'a su gwada su kawo rahoto. Yawanci akan yi irin wannan samfuri sau bakwai, idan kuma aka ga ƙura ba ta lafa ba, a ƙara mako guda. Ta haka ake samun sabuwar fitowa duk bayan mako tara ko goma, kowace da canje-canje sama da dubu goma.

Hikimar tsarin ita ce an ɗauke wa marubuci dalilin gaggawa. Wanda aikinsa bai nuna ba, ba shi da asara mai yawa, domin wata ƙofar za ta buɗe nan da wata biyu da 'yan kwanaki. Akwai kuma wata doka da Torvalds ke tsananta wa: abin da yake aiki jiya bai halatta ya lalace yau ba. Idan sabon canji ya ɓata wa masu amfani abin da suka saba yi, kuma ba a sami gyara da wuri ba, to a cire canjin a ci gaba da tafiya.

Ƙwarin da aka gano bayan fitowa ma an tanadar musu hanya. Tun 2005 akwai reshen tabbatattun gyare-gyare, wanda Greg Kroah-Hartman ya daɗe yana kula da shi. Sharuɗɗansa a fili suke: gyaran ya zama ƙarami, ya magance matsala ta zahiri da ke damun mutane, kuma ya kasance an riga an shigar da shi cikin babban reshe. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana hana ƙwaron da aka kashe ya sake ɓullowa a fitowa ta gaba.

Dabarar Debian da ta Ubuntu

Debian ba ta yar da al'adarta ba, sai dai ta gyara ta. Tana rarraba ƙwari gwargwadon haɗarinsu. Waɗanda ke iya hana fitowa su ne masu durƙusar da na'ura, ko jawo asarar bayanai, ko buɗe wa ɓarayi kafa, ko karya wata muhimmiyar ƙa'idar aikin. Sauran ana rubuta su a bainar jama'a, a gyara su a hankali. Ana kuma sanar da lokacin rufe ƙofa tun da nisa, sannan a duƙufa kan rage yawan manyan ƙwari. Manhajar da ke ɗauke da babban ƙwaro, in ba a sami mai gyara ta ba kuma ba dole ba ce, sai a cire ta daga fitowar. Tun daga 2007 Debian take fitowa kusan duk bayan shekara biyu, ciki har da fitowar 2023 da ta 2025.

Ubuntu, wadda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya ƙaddamar a 2004 bisa tushen Debian, ta zaɓi agogo. Tana fitowa a watan Afrilu da watan Oktoba, lambarta ma shekara da wata take nunawa. Duk da haka, a 2006 an ɗage fitowar Afrilu da mako shida domin ƙara inganci, shi ya sa aka kira ta 6.06. A 2024 kuma, da aka gano wata muguwar kafa da aka dasa da gangan cikin manhajar xz, an jinkirta samfurin gwaji da mako guda aka sake harhaɗa manhajojin, sannan fitowa ta 24.04 ta zo a cikin Afrilun. Wannan kafa ba ta kai ga tabbatacciyar fitowar Debian ba, domin an kama ta tun tana rassan gwaji.

Kammalawa

Idan mai karatu ya lura, zai ga abubuwa uku ne ke jan juna a kowane aiki: ranar fitowa, da inganci, da yawan sababbin abubuwan da za a saka. Ba a iya riƙe ukun gaba ɗaya. Linux da Debian da Ubuntu duk sun gano cewa na ukun ne ya fi sauƙin sadaukarwa, wato a bar abin da bai nuna ba ya jira zagaye na gaba, rana kuma ba a taɓa ta sai don babban haɗari.

Wannan ilmi yana da amfani ga malamin da ke kula da ɗakin kwamfuta na makaranta. Ubuntu tana fitar da mai dogon zango duk bayan shekara biyu, a Afrilun shekara mai lambar cika, ana kuma ci gaba da aiko mata da gyara har shekara biyar, alhali sauran fitowar wata tara kawai ake kula da su. Inda intanet ke da tsada, mai dogon zango ta fi dacewa. Ɗalibi kuma ba sai ya ƙware a rubutun manhaja ba kafin ya taimaka. Rahoton da ya bayyana irin na'urar, da lambar fitowa, da matakan da aka bi har matsalar ta auku, shi ne abin da masu gyara ke dogara da shi wajen sanin ƙwaron da ya isa ya tsayar da fitowa da wanda zai iya jira.